Mandula a Bakin Iyaka

Ba kasafai makaɗin goge ke raɗa wa kiɗansa suna ba. Shi dai ya goga izga a kan tsagiya, ya yi waƙarsa, ya tattara abin da aka liƙa masa, ya tashi. Masu saurare ne ke sa sunan daga baya. Ranar da suka so a maimaita musu, dole su nemo abin da za su kira kiɗan da shi, sai su cafko kalmar da ta fi yi musu zaƙi, ko wadda 'yan amshi suka fi nanatawa. Daga bakinsu ta faɗa bakin mai gabatar da zaɓi-sonka a rediyo, daga nan mai sayar da kaset ya rubuta ta da biro a jikin kwali. Yau ga ta a fuskar waya, an ɗauko ta daga kwalin yadda take, har da kuskuren rubutun. Shi ya sa sunayen kiɗan goge da na kukuma suke ɗauke da Hausar mutanen da suka yi rawarsu, ba Hausar littafi ba.

A Araba, garin da ke bakin iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, ana ganin wannan a rumfunan masu cajin waya da turin waƙoƙi, musamman ranar Lahadi da kasuwar Illela ke ci. Hanya ta cika da 'yan kabu-kabu da motocin shanu da 'yan canji riƙe da damin naira da sefa, kowa na neman inda zai ɗan fake wa rana. A ɗaya daga cikin rumfunan nan na ga wani dattijo, farin gemu, carbi naɗe a wuyan hannu, ya miƙa wa yaron rumfar ƙaramar wayarsa mai madannai.

"Kai ɗan nan, kana da Mandula?"

"Baba, mi a Mandula?"

"Ta Ali Makaho nika nuhi."

Yaron ya latsa kwamfuta, ya gangara cikin jerin tsofaffin waƙoƙi, ya same ta. Ya ɗan saki farkonta don a tabbatar, muryar kukuma ta fito siririya daga lasifikar da ta sha ƙura. Sannan ya ɗaga kai ya ce, "Baba, sunan wata macce na?"

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Macce? Bari dai, yaro. Turo man ita in tahi."

Bai yi masa bayani ba, kuma babu wanda ya yi a cikin manyan da ke zaune, duk da kowannensu ya murmusa. Mandula ba mace ba ce. Suna ne da 'yan tasha da 'yan bariki na wancan zamani suke kiran kayan maye da shi, musamman tabar wiwi, kuma waƙar Ali Makaho a kan abin da shanta ke yi wa mutum take. Ita ce waƙar da aka fi saninsa da ita. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda dattijon ya ɗaga murya a tsakiyar jama'a ya ambaci sunan ba tare da ya waiwaya ba. Da a ce sunan waƙar "Wiwi", da wuya ya furta shi haka a gaban yaran da ya yi jika da su. Da ya matsa kusa da yaron ya yi ƙasa da murya, ko ma ya haƙura da waƙar.

Ita kalmar sara don ɓoyo ake ƙirƙirar ta, kuma masu shan taba mai hayaƙin nan suna da dalilin ɓoyo mai ƙarfi. An fi danganta yaɗuwar wiwi a Nijeriya da bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da sojojin da aka kai Indiya da Bama suka dawo gida, ga kuma ma'aikatan jiragen ruwa da ke sauka Legas. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa doka mai tsanani a kanta: wanda ya noma yana iya fuskantar kisa ko ɗaurin shekara 21, wanda aka kama yana sha ko yana ɗauke da ita kuwa shekara 10. An sassauta dokar a 1975, aka sake tsanantawa a kan miyagun ƙwayoyi a 1984, sannan a 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Mutumin da ya san ƙulli ɗaya na iya cinye masa shekara goma ba zai tsaya a tasha ya kira abin da sunan da ɗan sanda ya sani ba. Zai ce ganye, ko ya ce mandula, ko wani abin da shi da mai sayarwa kaɗai suka gane. Ranar da ɗan sanda ya gane, ranar kalmar ta tashi daga aiki.

To, ya aka yi kalmar da aka yi don raɗa ta hau kukuma, har ta shiga rediyo? Amsar tana wurin da ake kaɗa waɗannan kayan kiɗa.

Wanda ya taɓa riƙe goge a hannu ya san ba wani abin a zo a gani ba ne. Ɓarin ƙwarya ne, kumbo, a rufe shi da fatar guza ko damo, a huda kafa ɗaya a gefen fatar don murya ta fita. A soka sanda ta ratsa kumbon, a ɗaura tsagiya, wato gashin wutsiyar doki, ta hau kan ɗan itacen da ake kira jaki. Izgar da ake gogawa ita ma gashin doki ce a jikin lanƙwasasshen itace ko ƙarfe, kuma sai an shafa mata ƙaro kafin ta kama. Makaɗin ba ya danne tsagiyar har ta taɓa sandar, yatsunsa daga gefe suke taɓa ta, suna zamewa sama da ƙasa. Wannan zamewar ce ke ba goge damar bin hawa da saukar muryar Bahaushe, har a ce yana magana. Kukuma ƙanwarsa ce, ƙarama, mai siririyar murya, wadda Ibrahim Na Habu ya fito da ita fili, su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka suka ci gaba da ita. Idan makaɗi ya goga wata kalma sau da yawa a gaban mutane, ko ya yi shiru da bakinsa tsagiyar za ta ci gaba da faɗar ta, jama'a kuma su amsa. Kalmar da ta shiga tsagiya ta wannan hanya ba ta fita da sauƙi.

A ƙasar Sakkwato kuwa goge bai taɓa zama abin zaure ba. Malaman jihadin 1804 sun yi suka mai zafi ga bori da kiɗe-kiɗen da ke cakuɗa maza da mata, kuma goge yana sahun gaba a cikin waɗanda abin ya shafa. Fada ta riƙe tambari da kakaki da kotso da taushi. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru kotso suka kaɗa, Salihu Jankiɗi taushi. Hausar waɗannan tsohuwa ce, gogaggiya, cike da kirarin kakanni, kuma waƙoƙinsu da sunan sarki ko da amshi ake kiran su. Shi kuwa mai goge aka bar masa dandali da gidan biki da gidan magajiya da otal, wato wuraren da direbobi da 'yan kamasho da sojoji da mata masu zaman kansu suke haɗuwa bayan isha'i. Nan ne maƙerar sara. Makaɗin da abincinsa ke aljihun waɗannan mutane dole ya yi magana da bakinsu na yau, ba na bara ba. Idan ya jefo kalmar da aka fara yayi makon jiya, wuri ya kaure da shewa, kuɗi su zubo. Haka Audu Yaron Goge ya ɗauko karin waƙar fim ɗin Indiya na Rani Rupmati, wanda 'yan silima suka haddace, ya ɗora a kan gogensa. Abin da ke yawo a titi shi ne kayan aikinsu.

Kada a ɗauka laifin a jikin ƙwaryar da gashin dokin yake. A ƙasar Dagomba ta arewacin Gana wannan kayan kiɗa, da suke kira gonje, na fada ne, a gaban Ya Na na Yendi ake goga shi ana jero sunayen sarakunan da suka shuɗe. Mu ne muka tura shi bariki, sannan muka dawo muna yi masa gorin Hausar bariki.

Akwai wani abu kuma da ya girmi bariki. Bahaushe tun asali ba ya son kiran abu mai nauyi da sunansa. Uwa ba ta faɗar sunan ɗan fari, mace ba ta faɗar sunan miji. Da dare ba a cewa maciji, sai igiyar ƙasa. Aljanu mutanen ɓoye ne. A tsallaken iyakar nan, ƙasar Ƙonni da Arewa ta Dogondutsi, inda goge da ƙwarya su ne kayan kiɗan bori, kowane iska yana da takensa, kuma da yawa daga cikin sunayen da ake kiran su da su sakaya ne: Doguwa, Inna, Mai Dawa. Mai goge ya goga taken, wanda ya sani ya sani, ba sai an buɗe baki ba. Ɗan tasha da ya ce mandula da tsohuwar da ta ce igiyar ƙasa dabara ɗaya suke yi, ko da yake ita kunya da tsoro suka sa ta, shi kuma ɗan sanda. Saboda haka kunnen Bahaushe a shirye yake ya karɓi sunan kiɗa mai lulluɓi, ya faɗe shi a gaban surukinsa, kowa ya yi kamar bai gane ba.

Mamman Shata, wanda kalangu ne nasa ba goge ba, ya ci wannan riba a waƙarsa da aka sani da "A Sha Ruwa". Babu babban da bai san ruwan da ake nufi ba na rijiya ba ne. Amma sunan ya shiga ko'ina, har gidajen da ba a taɓa shigar da kwalba ba, don a zahirinsa babu abin da za a kama.

Nan ne nake ganin ya kamata a yi wa irin waɗannan waƙoƙi adalci ta fuska biyu. Ana kiran Mandula waƙar gargaɗi, kuma haka take, tana nuna yadda mashayi ke lalacewa. Sai dai gargaɗin da aka ɗora a kan kiɗa mai sa ƙafa motsi yana da baki biyu. Uba ya saurara ya gyaɗa kai ya ce an gaya wa yara gaskiya. Su kuma waɗanda ake gaya wa gaskiyar su ne suka fi kowa taka rawarta, don an ambaci abinsu da sunan da su suka raɗa masa, a bainar jama'a, da murya mai daɗi. Ba na jin makaɗi bai san haka ba. Mutumin da ke rayuwa da liƙi ya san aljihu biyu sun fi ɗaya. Wannan bai rage wa waƙar daraja a wurina ba. Wa'azin da mashayi ba zai tsaya ya ji ba, ko ya fi wannan tsabta, a kunnen waɗanda ba su sha yake ƙarewa.

Ita dai kalmar mandula, a bakin mashaya ta tsufa tuntuni. Saran maye ba ya daɗewa, don kayan ma sauyawa suke yi. An yi zamanin a-ji-garau, ƙwayar da 'yan ga-ruwa da manoma da direbobin dare ke haɗiya don kada su ji gajiya. Aka yi sholisho, wanda ya samo sunansa daga gam ɗin da masu faci ke liƙe tayar keke da shi. Aka yi roci, daga sunan kamfanin da ke rubuce a jikin ƙwayar, da benelin daga sunan maganin tari, har gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi a watan Mayun 2018, bayan wani rahoton bincike na BBC. Ga tiramol da ya cika garuruwan iyaka ta kowane ɓangare. Ga gadagi a bakin 'yan acaɓa, ga zaƙami da babba-jiji da suka riga su duka. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da kayan maye a Nijeriya, miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suke sha. Abin bai ragu ba ke nan, sunan ne kawai ya sauya hannu. Matashin da ke zuƙa a bayan tasha yau yana iya jin an ce mandula ya wuce abinsa bai san da shi ake ba. Wurin da kalmar ta rage da rai shi ne sunan waƙar, kuma masu faɗar ta yanzu yawanci mutanen da ba su taɓa kusantar hayaƙin ba ne.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ba. Turawan Birtaniya da Amurka suna da nasu gogen mai tsirkiya huɗu, da tsofaffin kiɗe-kiɗen rawa na ƙauye. Akwai wani sananne a cikinsu mai suna Soldier's Joy, wato farin cikin soja. A Amurka za a gaya maka sunan daga saran sojojin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 ya fito, wai haka suke kiran mofin, maganin kashe zafin da ake ba waɗanda suka ji rauni. Har wata ƙungiyar makaɗa ta jihar Jojiya, Skillet Lickers, ta naɗi kiɗan a faifai a 1929 da baitocin da suka ambaci mofin da giya. Labari ne mai daɗin bayarwa. Sai dai kiɗan da sunansa suna cikin littattafan kiɗa da aka buga a Birtaniya tun ƙarni na 18, shekaru da dama kafin a yi wancan yaƙi. Can sunan kiɗa ne ya riga, ma'anar maye ta zo ta raɓe shi daga baya, akasin Mandula da titi ya haifa kukuma ta ɗauka.

Wannan ya isa ya sa mutum ya yi hattara da bayanin teburin mai shayi. Da zarar kalma ta tsufa ma'anarta ta dushe, sai masu fassara su taso, kowa da nasa labarin, kuma wanda ya fi daɗi shi ke yaɗuwa. Yaron da ya zaci Mandula mace ce bai yi wauta ba, don waƙoƙin kukuma da yawa sunayen mata suke ɗauke da su. Da ya faɗi haka a gaban tsararrakinsa ba a gaban dattawa ba, da an karɓa, wani ya ƙara cewa ai budurwar makaɗin ce, wani ya sa mata gari. Ko sunan Araba, baƙo na jin sa zai ce ai daga "a raba" ne tunda ga iyaka. Fassarar da ta zo da sauƙi haka ita ce ta fi bukatar a tambayi tsofaffin gari kafin a rubuta.

Garin iyaka kuwa wurin haihuwar irin waɗannan kalmomi ne, don rabin sana'ar da ake yi ba a son kiran ta da sunanta a gaban mai kaki. Abin da Bakano ke kira fasa-ƙwauri ko sumoga, nan fayau ne. Mai sayar da fetur a galan ɗan bumburutu ne. Kuɗi ma kowane ɓangare da lissafinsa: a Ƙonni dala sefa 5 ce, jika sefa 1,000, a Illela kuwa har yanzu ana cewa murtala ana nufin naira 20, ko da yake ba ta sayen komai. Tazarce, wadda aka yi yayi a Nijeriya a 1998 lokacin Abacha har ta zama sunan ɗinkin riga, ta tsallaka Nijar a 2009 ta zama sunan yunƙurin Shugaba Tandja na zarcewa. Duk lokacin da aka rufe iyakar, kamar daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 zuwa Maris na 2024, hanyoyin daji kan ƙaru, kowace da laƙabin da masu bin ta suka sa mata.

Da a da ne, wani mai kukuma zai tsinci ɗaya daga cikin waɗannan ya goga ta a gidan biki, ta zauna. Yanzu masu gogar sun yi ƙaranci. Da jihohin arewa suka ƙaddamar da shari'a daga 1999 zuwa 2001, Zamfara a gaba Sakkwato na biye, an rufe yawancin wuraren da ake irin wannan kiɗa, wasu masu sana'ar dare suka tsallaka Nijar, wasu suka ajiye. Biki kuma ya koma hannun mai lasifika da waƙoƙin fiyano na situdiyo. Akwai masu riƙe da gadon, irin su Nasiru Garba Supa a Kano, amma sabon sara yanzu ta waƙar fim da TikTok yake bi, kuma can mai waƙar ne ke sa suna da kansa tun kafin kowa ya ji ta.

Manazarta sun yi aiki a kan makaɗan. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin da yawa daga cikinsu a littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa, kuma ɗaliban Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Bayero sun rubuta kundaye a kan waƙoƙin baka. Aikin da nake so in ga wani ɗalibi ya ɗauka ƙarami ne: ya zauna a rumfar mai turi a Araba ko Illela ko Ƙonni, ya kwafe jerin sunayen tsofaffin waƙoƙin goge da kukuma yadda suke a kwamfutar, sannan ya bi tsofaffin direbobi da 'yan kamasho da zabiyoyin da suka ajiye, ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar abin da kowane suna ke nufi a shekarar da aka yi rawarsa. Ya yi sauri kuma, don a cikin jerin nan waƙoƙi da yawa sun riga sun rasa sunansu wajen kwafa daga kaset zuwa faifai zuwa memori, sai lamba kawai, kuma yaron rumfa kan goge irin waɗannan idan wuri ya cika, tunda babu mai zuwa ya tambaye su.